Ragon Mai-kwana

Tun ran da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. Wadda ta kawo ɗinki sai ta ajiye yadi ta gyara zama, wai "Luba, yaya ƙasar Nijar?" Wadda ta zo aron turmi ma sai ta tambaya ko gaskiya ne an ciro mini abu kamar kabewa. Jiya har na ji wai tagwaye na haifa suka koma. Kai, mata! To ga labarin daga bakin mai shi, kuma daga yau duk wadda ta sake tambayata sai ta ajiye goro.

Waɗanda suka san ni tun ina amarya a nan Birnin Kebbi sun san ni da jiki da tsiwa. Abin da ya zabge ni al'ada ce. In wata ya zagayo sai mara ta kama murɗa kamar ana matse wanki, jini kuwa ya yi ta zuwa guda-guda, ba ya tsayawa sai ya ga dama. Duk tsofaffin zannuwana sun ƙare a tsumma. Tafin hannuna ya yi fari fat, in na taka keken ɗinki kaɗan sai ɗaki ya riƙa juya mini. Ga ciki kuma ya taso da tauri, kowa ya gan ni sai ya ce wata biyar.

Wannan cikin shi ya haɗa ni da Inna, mahaifiyar Malam maigidana, wadda ke zaune a Argungu tana sana'ar bandar kifi. Malam ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, sai dai "yaron ga". Aurenmu ya daɗe ba haihuwa. Ran da ta ga cikina ya turo zane, guɗa ta yi har maƙwabta suka leƙo. Wata tara ya wuce shiru, shekara ta zagayo shiru. Malam ya ɗan gaya mata cewa ina ganin jini, ita kuwa ta ɗauka ɗan ɗigo ne, ta ce ai shi ke nan, ciki ne ya kwanta, jinin ne ya kwantar da shi, ran da Allah ya so zai tashi. Ta raɗa masa suna Mai-kwana, wato mai barci, ni kuma na zama "uwar Mai-kwana". Sunana ya ɓace a bakinta. Ta sayi ɗan rago ta ɗaure saboda suna. Damina uku ragon nan yana cin dusa da harawa, mu kuma muna shan rubutu da saiwoyin da take aikowa.

Da abin ya yi tsanani Malam ya kai ni asibiti. Likita ya duba ya ce ba ciki ba ne, ƙari ne ya fito a mahaifa, shi ke jawo zubar jinin, kuma sai an yi aiki an cire. Ya ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, kada mu yi wasa. Malam ya hau mota ya tafi Argungu. Bai ma kai ga bayani ba, daga cewa "aiki" Inna ta tare shi: "Duk wanda yas sa wuƙa ga cikin ga, ban yahe mai ba." Ya dawo jiki a sanyaye. Kun san Malam da uwarsa, in ta ce rana ta faɗi da hantsi, fitila zai nema.

Wata maƙwabciyarmu da aka taɓa yi wa irin aikin nan a wani asibiti a ƙasar Nijar gaba da Ƙonni ita ta ba mu shawarar can. Malam ya koma ya ce wa Inna za mu je a duba cikin kawai. Ta ce, "Awo, a tada shi haka nan, ya kwana ya isa. Da ni za a tahi." Wa zai ce mata a'a? Haka muka shirya: ni za ni a cire mini ciwo, ita za ta ɗauko jika, Malam a tsakiya yana gumi. In Inna ta tsaya a kan bakanta, na san ba zai sa hannu a yi aikin ba, haka zan dawo da kayana. Kuma in gaya muku gaskiya, ko ni akwai wani lungu a zuciyata da ke cewa wataƙila ita ce da gaskiya.

Mun shiga fijo a tasha da hantsi. Wani dattijo da ya riga ya kama gaba ya dube ni ya sauko, ya ce mai juna biyu ba ta zama a matse. Na so in yi gardama, Malam ya harare ni, na shiga na baje. A Ambursa direba ya tsaya aka lafta buhunan shinkafa har gindin mota ya kusa taɓa ƙasa. Mai tallan gyaɗa ta leƙo ta taga ta ce, "Allah shi sauke ki lahiya." Na ce amin da ƙarfi, don wallahi ba addu'ar da nake so kamar wannan.

A Argungu wanda ya fara tarbar mu ragon ne. Jama'a, ban taɓa ganin rago irin wannan ba. Ya yi ƙosasshen wuya, ƙaho ya nannaɗe, ya tsinke igiya ya fi a ƙirga, yaran unguwa duk sun san shi. Malam na sunkuyawa zai gaida Inna, ragon ya ja da baya ya zuba masa karo a gindi, hula ta yi gabas shi ya yi yamma. Ni da ke durƙushe ina sunne kai irin na suruka, dariya ta ƙwace mini, na cusa mayafi a baki. Inna ko a jikinta, cewa ta yi, "Ya gaji da jira ne, shi ma."

Da yamma ta yi tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, irin wadda in kin ci sai kin lashe har gwiwar hannu. Ta tsamo tsoka mafi kyau ta aiko mini ɗaki, ta ce a gaya mini ba don ni ba, don mai ɗakin ciki. Ku da kuka san zaman surukuta kun san yadda muke. Tun da aka kawo ni ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba, balle in buɗe baki in ce mata ga abin da ke damuna a mara. In ta zo Birnin Kebbi ina cikin ciwo, sai in ɗaure ƙugu da ɗankwali in yi daka in yi tuwo, in koma bayan ɗaki in yi kukana.

Da asuba na ga kayan da ta haɗa, na ce yau ake yin ta. Ƙullin kanwa na kunun jego, gwangwanin yaji, busasshen kifi, kwandon albasar Augie, 'yan riguna da zannuwan jariri sababbi fil, da wani tsohon majanyi saƙi da ta ce da shi ta goyi yaron ga. Har da damin itace na dafa ruwan wankan jego. A kan itacen nan aka yi rigima a tasha. Direba ya ce shi mutane yake ɗauka ba gidan biki ba. Inna ta ce ai ba ta san irin itacen ƙasar mutane ba. Da ƙyar Malam ya lallashe ta aka bar wa wata mai ƙosai, ita kuwa ta yi ta sa mana albarka.

Daga Argungu zuwa Sakkwato Inna ce ta tuƙa motar da baki. In direba ya taka sai ta ce, "Kai ɗan nan, sannu-sannu, kana ɗauke da jikana." In ya rage sai ta ce ko jaki ya fi wannan sauri. Da muka faɗa wani rami ta dafe cikina da hannu biyu tana salati, karo na farko ke nan da hannunta ya taɓa jikina. A Sakkwato muka sauya mota. 'Yan kamasho suka yanyame mu, wannan ya ja kwandon albasa wancan ya ja ƙullin kanwa, Inna ta bi su da buta tana cewa ita ba baƙuwar tasha ba ce. Muka ci masa da zafinta, muka kama hanyar Illela.

Muna wuce Gwadabawa na ji marata ta ɗaure. Na san wannan sallamar. Lokacinta bai yi ba, amma jijjigar hanya ta taso da ita. Ina zaune tsakanin Inna da ƙofa, na ciji gefen mayafi, gumi yana bin bayana. Ina jin abin yana zuba, tsumman da na sa ya jiƙe, zane ya jiƙe, amma ta yaya zan juya in gaya wa uwar mijina? Malam yana gaba yana hira da direba a kan farashin taki. Na ce a raina, Luba, daure, kin saba.

A bakin iyaka na wajenmu ba a tsayar da mu sosai ba. Da muka tsallaka ne ma'aikatan kwastan na can, waɗanda suke kira duwan, suka ce a sauke kaya. Wani dogo mai gashin baki ya kwance ƙullin Inna, ya ɗauko dunƙulen kanwa, ya juya shi, ya kira abokinsa. Hausarsu irin tamu ce sak, ta fi ta Kanawa kusa da mu. Ya ce, "Inna, kanwa kinka kawo muna? Daga nan hwa aka kai muku ita." Ya buɗe kwando ya ga albasa, sai ya riƙe ciki don dariya, ya ce inda za mu ko akuya ta gaji da albasa. Inna ta ƙwace ƙullinta ta ce, "To ta zo ganin gida. Akwai laihi?" Har wani jandarma, wato ɗan sandan can, da ke tsaye da fuska kamar an aiko masa da mutuwa sai da ya murmusa.

Ni duk ta taga nake kallon wannan. Sai jandarman ya ce kowa ya sauko a gan shi. Na dafa ƙofa na miƙe. Abin da na tuna kawai shi ne na ji mata suna salati, ƙasa kuma ta taso ta same ni.

Na farfaɗo a bayan wani zana, kaina a kan cinyar wata mai fura, tana yi mini fifita da faifai. Inna tana durƙushe a gabana, ta kwance zanena. Kunya ta sa na so in ja ƙafa, ta daka mini tsawa, "Tsaya nan!" Ta dubi zanen, ta dubi ƙasa inda na kwanta. Sai ta jawo ƙullin kayan jariri. Zannuwan nan sababbi da ta yi shekaru tana tarawa, ta sa haƙori ta keta na farko, ƙyaaat, ta ninke ta ba ni. Ta keta na biyu.

Ta ce, "Tun yaushe kika ganin irin wanga?"

Na ce, "Kowane wata, Inna."

"Haka? Kamar wanga?"

"Wani watan ya hi haka."

Ta tsayar da hannu. "Ran da niz zo da Sallah kina daka min hura, kina cikin wanga hali?"

Hawaye suka ba ta amsa. Mai furar ta ce, "Ayya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne." Ta dama mini fura mai kauri da nono ta ƙi karɓar ko sisi. Inna ta riƙe mini ludayi da hannunta, ni kuwa na sha a gabanta, kunya ta tafi hutu. Da muka koma mota, direba ya fara ƙunƙuni a kan kujerarsa da ta ɓaci, Inna ta yi masa kallo ɗaya ya haɗiye sauran. Har muka isa ba ta sake ce wa kowa ya yi sannu ba, kuma ba ta ambaci Mai-kwana ba.

Asibitin yana gefen wani gari da ko'ina ka juya rumbun albasa ne. Mutumin duwan bai yi ƙarya ba. Ni aka ba ni gado a ɗakin mata, 'yan jinya kuma akwai jerin ɗakuna da rumfuna a baya inda kowa ke kafa murhunsa. Nan Inna ta sauka, kafin la'asar ta san sunan kowa da ciwon da ya kawo shi. Maƙwabtanta wasu Buzaye ne da suka kawo 'yarsu mai tsohon ciki. Abin da ya ɗaure mata kai, mijin ya naɗe fuska ruf sai idanu, matar kuwa fuska a buɗe, ita ke magana da ƙarfi shi yana dafa shayi. Inna ta zo ta raɗa mini, "Ƙasar ga maza ka lulluɓi." Shayin kuwa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba ake ba ka, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Ta kurɓa ta ce wannan ba shayi ba ne, maganin shawara ne. Suka ce ai sai ta sha zagaye uku, na ƙarshe ne mai zaƙi. Kafin mu baro garin, ita ke zuwa ta zauna tun ba a hura gawayi ba.

Burodinsu ma abin kallo ne, dogo kamar muciya, ga tauri. Malam ya sayo ya kawo da murna, Inna ta gwada da sauran haƙoranta ta ajiye, ta ce a adana shi saboda ragon in mun koma, ko a ci ko a yi duka. Amma dambun zogalensu da ƙuli da wani busasshen cuku da Buzuwar ta ba mu, waɗannan kam na yi kewarsu. Kifin Inna kuwa ya yi mana rana. Can kifi sai mai hali, da ta jefa guda biyu a miya duk rumfar ta ɗauki ƙamshi, mata suka riƙa zuwa gaisuwa da 'yan kwanoni a ɓoye cikin zane.

Washegarin isarmu aka kira mu. Likitan wani Bature ne mai furfura, yana jin Hausa amma a karkace, tare da wata ma'aikaciya ƙatuwa mai yawan dariya da kowa ke kira Madam. Ya danna cikina nan da can, ya duba idona da tafin hannuna, ya faɗi abin da likitanmu na gida ya faɗa: ƙari ne, ba ɗaya ba, kuma sai an ƙara mini jini kafin a yi aiki. Ya ce maigida ya sa hannu. Malam ya dubi takarda, ya dubi Inna da ta kafe a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai.

Inna ta shigo ta ce, "Likita, ciki na kwance. Ku tada shi dai, kada ku sa mai wuƙa." Amma muryar ba irin ta tasha ba ce.

Madam ba ta yi mata gardama ba. Ta ɗauko wani ɗan ƙaho na ƙarfe da suke sauraren ciki da shi, ta kama hannun Inna ta kai ta gadon 'yar Buzayen nan. Ta kafa ƙahon a cikin yarinyar ta ce, "Inna, sa kunne." Inna ta sa. Sai na ga fuskarta ta washe. Ta ce, "Ikon Allah! Kamar ɗan tsako na gudu." Suka dawo kaina. Madam ta kafa ƙahon, Inna ta sa kunne. Ta ce a matsar nan. Aka matsar. Ta ce a koma can. Ta karɓi ƙahon da kanta ta bi cikina kusurwa-kusurwa, ina jin numfashinta a fatata.

Can ta ce a hankali, "Shina kwana." Ta ɗago, ta ajiye ƙahon a kan gado, ta goge ido da bakin zane. Sai ta ba kanta amsa: "Ko mai kwana zuciyatai na bugawa."

Ta juya wajen Malam. "Kai yaron ga, mi kaka jira? Sai ta ƙare a gabanmu? Sa musu hannu. Maganar da niy yi na janye ta, na yahe duniya da lahira."

Wallahi ban san lokacin da na kama hannunta na rushe da kuka ba. Ita ma kukan take, amma tana yi tana faɗa, wai in rufa mata asiri in yi shiru mutane na kallo.

Sai batun jini. Aka gwada na Malam ya dace. Mutumin da ke tsawata wa ma'aikata a ofis, yana ganin allura ya fara karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Da aka gama ya miƙe zai nuna jarumta, sai ga shi zaune a ƙasa. Inna ta ce ita a ɗebi nata, Madam ta ce na tsofaffi a bar musu kayansu. Buzun nan mai rawani, wanda ko muryarsa ban taɓa ji sosai ba, shi ya naɗe hannun riga ya ba da na biyu. Har gobe ina sa shi a addu'a, ko da yake in na gan shi a hanya ba zan gane shi ba.

Aikin kansa ba ni da labarinsa, don barci na yi. Amma can suna da wata al'ada: in an ciro abu sai a kawo wa dangi a tasa su gani da idonsu. Malam ya ce shi ya yafe. Inna ce ta tsaya ta duba da kyau. Ta gaya mini daga baya cewa babban ya kai ƙaramar kabewa, ga 'yan ƙanana kamar goriba, ba kai ba ƙafa, nama ne dunƙule. To mai tambayar kabewa, kin ji. Ta ce ta dube shi ta ce masa, "Ashe kai ne munka yi wa kiwon rago." Likita ya ce ya bar mahaifar, haihuwa kuwa ba zai yi alkawari ba, wannan na Allah ne.

Jinyar da Inna ta yi mini ko uwar da ta haife ni sai haka. Rigimarsu ɗaya da Madam: ta hura wuta ta tafasa ruwa a garwa za ta yi mini wankan jego da ganye, wai ai ciki ya sauka ko ta yaya. Madam ta hango tururi ta taho da gudu tana cewa a kan ɗinki? Aka yi ciniki, aka bar wanka, aka yarda da kunun kanwa in an kwana biyu. Ranar da aka ba ta izini ta dama tukunya guda ta raba wa ɗakin mata kaf. Ana cikin haka 'yar Buzayen ta sauka, ta sami namiji. Sauran kayan jaririn da ba a keta ba, Inna ta kwasa ta kai musu, ta dawo ta zauna ta juya mini baya na ɗan lokaci. Na bar ta, don na san ita ma rashi ta yi.

Ranar dawowa ta fito da tsohon majanyin nan. Ta sa na tsaya, ta naɗa mini shi a ciki ta ɗaure tam don kada ramukan hanya su taɓa ɗinkin. A bakin iyaka muka sake samun mai gashin baki, ya gane ta ya ce, "Inna, ina kanwa?" Ta ce, "Ta ga gida ta ƙi dawowa." Muka tsaya muka gaida mai fura, Inna ta ba ta sauran kifin duka.

Tun daga Sakkwato wani abu ya tsaya mini a rai. Duk Argungu an san Inna ta tafi ɗauko jika, shekara uku tana cika baki a kasuwar kifi. Yanzu ga mu hannu rabbana. Na riƙa tunanin idon mutane da abin da za a ce da ita, da abin da za a ce da ni.

Kamar na sani. Mota na ajiye mu yara suka ruga da labari, kafin mu shimfiɗa tabarma gida ya cika da mata. Wata har ta fara guɗa daga zaure. Suna duban bayana, suna duban bayan Inna, suna leƙen ƙullin kaya. Wata tsohuwa abokiyar sana'arta ta kasa haƙuri ta ce, "Barka, barka! To, mi anka samu?"

Na sunkuyar da kai ina jiran ƙasa ta tsage. Inna ta gyara ɗaurin zane, ta dafa kafaɗata, ta ɗaga murya yadda na zaure ma za su ji.

"Mace anka samu. Ga ta nan zaune, da haƙoranta cif. Saura kaɗan in kashe ta da jiran wanda babu. Sunanta Luba. Ke mai guɗa, ƙarasa abinki!"

Sai guɗa ta tashi ta ko'ina. Inna ta zauna ta ba su labari tun daga iyaka har tasa, ba ta rage komai ba, ta ce duk mai ɗiya ko suruka da ke zubar da jini irin wannan ta kai ta a duba, kada ta bar ta da kunya. Kafin magariba mata biyu sun ja ni gefe suna tambaya a raɗa.

Da safe ta aika aka kira mahauci. Maza huɗu suka taru kafin a kayar da ragon nan, Malam yana daga nesa yana ba da umarni. Yaran unguwa sun fi kowa murna. Aka yi tuwo aka yi miya aka raba gida-gida, aka gasa hanta aka barbaɗa yajin jegon da ya je Nijar ya dawo, Inna ta ajiye a gabana ta zauna tana kallo sai da na cinye. To masu cewa an yanka rago a Argungu, ba ƙarya kuka ji ba, nawa ne.

Yanzu wata ya zagayo mini har sau uku, ya zo ya wuce kamar baƙon kirki, ina kan kekena ina ɗinki. Ran da za mu taho gida na wanke majanyin na ninke, na durƙusa na miƙa mata. Ta ture hannuna.

Ta ce, "Ajiye shi wurinki, Luba. In Allah ya kawo mai shi, to. In bai kawo ba, ya goyi ɗana ya goyi ɗiyata, ya gama aikinai."